Wata shida babu albashi: koyon aiki ne ko ci da gumi?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Ƙanina ya yi HND a fannin lantarki, ya gama bautar ƙasa, yau shekara ɗaya da wata huɗu yana zaune a gida. Ya kai takardu wurare har ya gaji. Satin da ya wuce wani kamfanin haɗa sola a nan Kano ya ce ya zo ya yi wata shida yana bin ma'aikatansu. Babu albashi, babu kuɗin mota, kuma ba su ce za su ɗauke shi ba in ya gama. Mu a Kurna muke, su kuma can wajen Zoo Road. Na zauna na lissafa, adaidaita sahu da abincin rana ba za su gaza naira 3,000 ba kullum, a wata shida abin ya haura 450,000, kuma duk a wuyana. Hajiyarmu ta ce sam, yaro da takardarsa ba zai je yana hawa kwanon gidajen mutane kyauta ba. Shi kuma ransa yana so. Ni na tsaya a tsakiya.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka bar shi ya je. Da zaman banza gara aikin kishiya.

Malam Na-Gwale:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abban Sadik, ni shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, kuma abin da na fi tsoro a kan matashi shi ne zaman majalisa daga hantsi zuwa isha'i. Shekarar farko yaro yana da kuzari, ta biyu ya fara barcin safe, ta uku in ka ce ya zo ga aiki sai ya ga kamar ka takura masa. Abin da ya karanta ma zubewa yake. Sola kuwa yanzu ita ce kasuwa, kowa ya gaji da rashin wuta da tsadar man janareto, masallatai da shaguna da rijiyoyin burtsatse duk sun koma kanta. Ina ganin kuɗin nan da za ka kashe kuɗin makaranta ne, ba asara ba.

Ƙanwar Lauya:
Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Kuɗin makaranta ana biyansa ne ga wanda ya ɗauki alkawarin koyarwa. Su waɗannan wane alkawari suka ɗauka? Kamfani ne mai cin riba. In sun je gidan wani Alhaji sun haɗa masa sola, kuɗin aiki za su caje shi, har da kuɗin hannun da ya ɗauki batir ya hau da farantin sola sama. Wannan hannun na ƙanin Yaya ne, amma ko sisi ba zai gani ba. Wata shida ya cika su sallame shi, su kawo wani sabo. Na san wuraren da haka suke rayuwa, ba su taɓa ɗaukar ƙaramin ma'aikaci ba, kullum masu koyon aiki ne ke juya musu. Annabi (SAW) ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Ban ga inda aka cire mai takardar HND daga ciki ba.

Ɗan Fagge:
To Anti, in bai je ba wa zai ba shi aikin? Ko'ina ka je sai a ce sai mai gogewar shekara biyu. Ina zai samo ta a ɗaki?

Ƙanwar Lauya:
Tambayarka gaskiya ce. Amma matsin da yaro yake ciki ba ya halatta wa wani ya ci guminsa.

Sabon Injiniya:
Bari in ba ku labarin IT ɗina, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai, don a san cewa zuwa wurin aiki daban, koyon aiki daban. Muna aji huɗu aka tura mu SIWES, shirin koyon aiki na ɗalibai a masana'antu, na wata shida. Na samu gurbi a wata ma'aikatar gwamnati, na yi murna sosai. Ranar farko aka nuna mini benci. Wallahi a wata shidan nan abin da na yi shi ne kai fayil daga ofis zuwa ofis, sayo wa manya abinci, da zaman jiran tashi. Littafin rahoton da ake cikewa kullum, wanda malami zai zo daga makaranta ya duba, sai ka rasa me za ka rubuta a ciki. Wasu abokaina ma ba sa zuwa, ƙarshen wata suke kai littafin a buga musu hatimi. Abin ya yi mini ciwo, don ba haka aka tsara ba. Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, da ke Jos, an kafa ta a 1971, ta fito da SIWES bayan 'yan shekaru kaɗan saboda masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai suna fitowa da ilimin allo, hannunsu bai taɓa inji ba. A lokacin Bompai da Sharaɗa da Kakuri cike suke da masana'antu masu aiki. Yanzu ɗalibai sun ninka, masaƙu da yawa sun rufe, sai kowa ya ruga ma'aikatar gwamnati inda babu abin taɓawa.

Wani abokina da bai samu ofis ba ya tafi garejin wani mai naɗin koyil a Ƙofar Ruwa, muna tausaya masa. Ya dawo yana iya kwance injin ruwa ya naɗa shi ya mayar. Yau da wannan yake ci. Saboda haka ni tambayata ga Yaya ita ce: wa zai koya wa yaron? Mutum nawa ne a kamfanin suka san aikin, kuma za su bari ya taɓa inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, ko batir kawai zai riƙa ɗauka?

Alhaji na Kwari:
Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma tun ina shekara goma sha huɗu nake kasuwa, kuma yara da yawa sun tashi a hannuna. Ina jin ana cewa yaron shago ma ai ba albashi yake karɓa ba. To a yi adalci. Yaron shago a Kantin Kwari ba ya karɓar albashi a rubuce, amma maigida ne ke ba shi kuɗin abinci da na mota kullum. In ba shi da lafiya maigida ne, ɗinkin sallah maigida ne. In ya kawo mai saye ya samu la'ada. In ya daɗe ya nuna amana, a ba shi kaya ya fara juyawa, ko a buɗe masa teburi, wani har aure ake yi masa. 'Yan kabilar Ibo da ke Sabon Gari su ma haka suke yi, yaro ya yi shekarunsa a sallame shi da jari. Wato akwai haƙƙi a kan kowa. Wanda zai ce ka zo ka yi mini aiki, ka ci daga gidanku, ka hau mota da kuɗin yayanka, in na gama da kai ka tafi, wannan ba al'adarmu ba ce ta kasuwa. Ko kuɗin mota ai ya kamata su ba shi.

Malam Na-Gwale:
Alhaji, wannan magana taka ta shige ni. Na karɓa.

Maman Iman:
Ina ta karantawa tun ɗazu. Ina so in raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai aikin sa kai, akwai yi wa mai kuɗi aiki kyauta. Ni da aikin sa kai na fara. Na gama sakandare babu halin ci gaba, sai aka nemi matan unguwa da za su riƙa shiga gida-gida suna wayar da kan iyaye a kan rigakafin shan inna. Ɗan abin da ake ba mu bai taka kara ya karya ba. Ku tuna yadda abin yake a Kano: a 2003 an dakatar da rigakafin gaba ɗaya saboda zargi, sai 2004 aka dawo da shi, kuma zargin bai fita daga zukatan mutane ba. A 2013 har kashe mata masu aikin rigakafi aka yi a cikin garin nan, Allah Ya ji ƙansu. Mahaifiyata ta yi kuka ta ce in bari. Akwai gidan da aka rufe mini ƙofa sau huɗu, a na biyar matar ta ba ni tabarma, na zauna muka yi hirar haihuwa da goyo, sannan ta fito da yaran.

A nan na koyi yadda ake magana da mutum har ya sauko, na koyi rubuta alƙaluma daidai, na koyi zuwa a kan lokaci. Wata ma'aikaciyar jinya da take duba aikinmu ita ta matsa mini na nemi makarantar koyon aikin lafiya, ita ta cike mini fom. Yau ina aiki a asibitin sha-ka-tafi. Ranar da aka sanar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka, na zauna na yi hawaye, don na san da ƙafata a ciki. Amma ku lura, wanda ya amfana da wahalata yaran unguwa ne, ba aljihun wani ba. Shi ya sa ban taɓa jin an cuce ni ba.

'Yar Gwange:
Anti Maman Iman, kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya ci Maiduguri, kafin manyan ƙungiyoyi su gama shiri samarin unguwa ne suka fara ciro tsofaffi da yara. Mu 'yan mata muka haɗu a gidan wata ƙawarmu da ruwa bai kai ba, muna dafa shinkafa a manyan tukwane ana kaiwa makarantun da mutane suka fake. Ni aka ba riƙon lissafi: buhu nawa ya shigo, wa ya kawo, kwano nawa ya fita, wane sansani. Ban taɓa riƙe kuɗin jama'a ba sai ranar. Na gane cewa in ba ka rubuta komai ba, zargi zai biyo baya ko kana da gaskiya. Bayan wata biyar wata ƙungiyar agaji ta nemi mai tattara bayanai, a wajen ganawa littafin nan na buɗe musu. Ba don aiki na yi ba, Allah Ya sani, amma shi ya buɗe mini ƙofa.

Ɗan Fagge:
Allah Ya saka muku da alheri. Kun ga dai maganata ta fito, wanda ya fita shi ke samu.

Ƙanwar Lauya:
A'a ƙanina, maganarka ba ta fito ba tukuna. Abin da suka yi taimakon al'umma ne, kamar 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam da na Jama'atu da muke gani a filin idi da wajen tafsiri da sansanin alhazai. Waɗannan lada suke nema, kuma suna samun horo da ladabi a ciki. Ban taɓa sukar wannan ba. Kuma akwai abin da har yanzu ba wanda ya faɗa. Ƙanin Abban Sadik yana da yayan da zai iya fitar da 450,000. Yaron da babansa ke tura baro fa? Shi ba zai iya aikin kyauta na sati biyu ba, dole ya tafi inda zai samo na cefane yau. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ɗan talaka zuwa koyon aiki. In muka mayar da aikin kyauta ya zama ƙofar shiga kowace sana'a, to mun rufe ta ga wanda ya fi kowa buƙata. 'Ya'ya mata kuma abin ya fi tsanani, don uba zai bar 'yarsa ta fita aiki mai albashi, amma da wuya ya bar ta tana fita kullum babu ko sisi, ga maganar mutane.

Bamaraɗe:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu ma nan haka abin yake. Yaro ya ƙare jami'a, ya yi sitaj, wato koyon aiki, nan, ya yi can, wani shekara uku yana yawo da takarda babu ko dala. Amma ina so in tuna muku da gayya. Mahaifina yana ba mu labarin Samariya ta zamanin Seyni Kountché, yadda samarin gari ke haɗuwa su gina ajin lakwal, wato makarantar boko, su share gari, su yi noman gayya. Ko a gayya ta gona, mai gona ba ya biyan kowa, amma shi ke kawo hura da tuwo da goro, kuma ran da aka zo taka gonar zai zo da hauyarsa. Ba a taɓa gayyar da mutum zai zo da abincinsa daga gida ya nome wa mai hali gona ya koma ba. Abin da Alhaji ya faɗa shi ne gaskiya.

Malam Na-Gwale:
Bamaraɗe, ka tuna mini da ƙuruciya. Mu ma ajinmu na farko a ƙauye da gayya aka yi masa jinka.

Amma bari in ƙara wani abu a kan gwamnati, tunda ita ce babbar mai ɗaukar matasa irin wannan aiki. Bautar ƙasa Janar Gowon ya kafa ta a 1973 bayan yaƙin basasa, don ɗan Kano ya san Inugu, ɗan Inugu ya san Kano. Alawus ya tashi daga 19,800 zuwa 33,000 a 2020, yanzu ya kai 77,000. Makarantar da na yi ritaya a cikinta, lissafi da kimiyya rabinsu 'yan bautar ƙasa ke riƙe da su. Wasu sun zo ba su taɓa riƙe alli ba, sun tafi suna malamai na gaske, saboda mun zaunar da su mun nuna musu yadda ake shirya darasi. Wasu kuma an jefa su aji an juya baya, sun wahala, yara sun wahala. Sai N-Power, shirin gwamnati na ba matasa aikin wucin gadi, da aka fara a 2016, ana biyan 30,000 a wata. An turo mana su, cikinsu akwai wata yarinya da ban taɓa ganin mai haƙuri da 'yan aji ɗaya kamarta ba. A 2020 aka sallami rukuninsu, ba a ɗauke ta ba, ajin ya koma babu malami, ita ta koma gida. Shekara huɗu na gogewa ta tafi a banza. Har yau abin yana damuna.

Oga Mai Sola:
Jama'a ku yi haƙuri, sai yanzu na sauko daga aiki. Ni wannan sana'ar nake yi, ba a Kano ba, a Kaduna, kuma ina ɗaukar masu koyo, don haka bari ku ji ta ɓangarenmu. Wata biyun farko sabon yaro ba riba yake kawo mini ba, asara ce. An taɓa juya mini waya a kan batir, inbata ta ƙone, ni na biya mai gida. Ina cire ƙwararren ma'aikaci daga aiki ya tsaya yana nuna masa. Sannan da ya iya, sai ya buɗe nasa ya ɗauke mini kwastoma. Shi ya sa wasunmu ba sa son biya. Ban ce daidai ba ne, dalilin nake faɗa.

Amma wata shida cur babu kuɗin mota, wannan ya yi yawa. Mai HND a lantarki in yana da kai, a wata na uku ya fara amfani. Ni ina ba da kuɗin mota da abinci tun ranar farko, in mun je aiki mai kauri in ba shi wani abu a kai. Abban Sadik, ga abin da zan ce ka yi. Kada ka tura yaron shi kaɗai, ka je da kanka ka ga mai kamfanin. Ka tambaye shi yara nawa suka yi irin wannan zaman a wurinsa, kuma ina suke yanzu. In ya kira maka sunan biyu ko uku da ke aiki, ka karɓi lambarsu ka ji daga bakinsu. Ka nemi a rubuta abin da za a koya masa: lissafin nauyin wutar gida, yadda ake zaɓen girman batir da faranti, haɗa inbata, saka waya ta ƙasa saboda tsawa, gano matsala in abu ya lalace. In ɗaukar kaya da hawa tsani kawai ne, wannan lebura suke nema. Ka nemi a rage zuwa wata uku, in an ga amfaninsa a fara ba shi wani abu. Kuma a ba shi takardar shaida a ƙarshe. Sannan maganar hawa rufi ba wasa ba ce, ka tambaya ko suna da igiyar ɗaure jiki da hular kwano, kuma in ya faɗo wa zai biya asibiti.

Ƙanwar Lauya:
Oga, in haka kowa yake yi, ni ba ni da ja. A rubuta a sa hannu, ko da rabin shafi ne.

Maman Iman:
Kuma Yaya, Hajiya ba ƙin ci gabansa take ba. Uwa ce, ta ga wahalar da aka sha kafin ya samu takardar nan. A zaunar da ita a yi mata bayani da lallami, kada ya fita ba da albarkarta ba.

Sabon Injiniya:
In kuma ba su yarda ba, kada ya koma ɗaki. Masallacin unguwarku ko islamiyya ba su da sola da ta lalace? Ya nemi wani ƙwararre ya bi shi su gyara, ya ɗauki hoton aikin kafin da bayan. Ni aikina na farko da aka biya ni, wanda ya ga gyaran da na yi wa famfon islamiyyarmu ne ya kira ni.

Abban Sadik:
Salam jama'a, na dawo da bayani. Jiya bayan azahar na je na samu mai kamfanin kamar yadda Oga ya ce. Da farko ya ɗan ɗaure fuska, ya ce shi taimako yake yi. Na ce na sani, na gode, amma ina so in san me yaron zai fita da shi. Ya kira mini wani ma'aikacinsa da ya ce da koyo ya fara, na keɓe da shi muka yi magana, ya ce gaskiya ana koyarwa, sai dai shi wata takwas ya yi kafin a fara biyansa. Mun tsaya a kan wata uku, za su riƙa ba shi 1,500 na mota duk ranar da aka fita aiki, abinci ni zan ɗauka. Takardar shaida ya yarda. Rubuta abin da za a koya masa ya ce in kawo, zai duba. Igiyar ɗaure jiki guda ɗaya gare su, ita ma ta tsufa, don haka na ce zan saya wa ƙanina tasa. Hajiya ta ce sai ta yi istihara, za ta ba mu amsa ranar Juma'a.

Oga Mai Sola, don Allah ka turo mini jerin abubuwan nan ta akwatina yadda zan buga su a takarda, da irin igiyar da ta dace da inda ake samunta.

Oga Mai Sola:
Zan turo bayan isha'i in sha Allah. Igiyar ka nemi mai ɗaure ƙirji da cinyoyi gaba ɗaya, kada ka sayi ta ƙugu kaɗai. Ka haɗa masa da safar hannu ta masu lantarki da mita tasa ta kansa.

Ɗan Fagge:
Oga, ni ma ina da ƙane da ya gama ND, yana neman inda zai yi IT na shekara ɗaya. Akwai wuri a wajenka? Muna da 'yan'uwa a Tudun Wada da zai zauna wurinsu.

Oga Mai Sola:
Mutum biyu gare ni yanzu, ɗaya zai gama bayan sallah. Ka tuna mini a lokacin, ya zo mu gana tukuna.